Murhun itace a Ingila: aikin yana cikin bututun hayaƙi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Masu tambaya ko a Ingila ma ana hura wuta da itace, e, ana yi, amma domin ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Murhun akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, ana ajiye shi a falo. Sai dai sayen murhun shi ne mai sauƙi. Inda kuɗi da doka suka taru shi ne hanyar da hayaƙi zai fita da hanyar da iska za ta shigo.

A gida mai walda zai haɗa maka murhu da guntun bututun kwano, ka ɗauka ka tafi, babu mai tambayarka. A nan ko dai ka kira ma'aikaci mai rajista da HETAS, ƙungiyar da ke tantance masu kafa irin wannan murhu, ya kafa ya ba ka takardar shaida, ko ka sanar da ƙaramar hukuma ta zo ta duba aikin. Ranar sayar da gida ko neman diyya a kamfanin inshora, wannan takardar za a nema.

Tsofaffin gidaje suna da hanyar hayaƙi ta jan bulo, mai faɗi, wadda simintinta ya zaizaye. Hayaƙi kan tsarga ta tsagogin ya shiga ɗakunan sama. Ga shi kuma faɗin yana sa hayaƙi ya huce tun bai kai sama ba, ya koma kwalta ya manne a bango. Wannan kwaltar ce ke kamawa da wuta. Shi ya sa ake zura wani bututu mai lanƙwasuwa, na ƙarfen da ba ya tsatsa, tun daga rufi har bakin murhu. Iri biyu ne a kasuwa: mai lamba 316 ya isa in itace kaɗai za a ƙona, mai lamba 904 ya fi tsada amma ya fi jure gawayin kwal da wutar da ake bari tana ci a hankali. Faɗinsa milimita 150, ko 125 ga ƙananan murhunan da aka amince da su a yankunan hana hayaƙi. Kada ya gaza faɗin bakin murhun.

Kafin a zura sai an share hanyar tas. A jikin bututun akwai kibiya da ke nuna sama. In aka juya shi, kwalta za ta riƙa maƙalewa a gaɓoɓinsa tana cin ƙarfen. A sama a ɗaure shi da hular da ke tare ruwan sama da tsuntsaye, a ƙasa a rufe ramin da farantin ƙarfe. Mai son aiki mai kyau ya cika tsakanin bututu da bulo da abin riƙe zafi, domin hayaƙi mai zafi shi ke tashi da ƙarfi. Tsayi kada ya gaza mita 4.5, lanƙwasa kada ta wuce digiri 45. A ƙarshe a kunna abin gwaji mai hayaƙi a ga ko yana ja, ko kuwa yana tsarga.

Maganar iska ita ce ta fi damuna, don ita ce ta shafe mu kai tsaye. Wuta numfashi take. A tsohon gida, murhun da ƙarfin zafinsa ya haura kilowat 5 sai an huda masa kafa a bango wadda ba a rufewa, murabba'in milimita 550 kan kowane kilowat na ƙari. Mai kilowat 8 ke nan kafarsa kusan santimita huɗu tsawo huɗu faɗi. A sabon gida da iska ba ta ratsawa, da dukkan ƙarfin murhun ake lissafi. Wasu su toshe kafar da tsumma saboda sanyi, ko su kunna fankar kicin mai zuƙe iska, sai hayaƙi ya juyo ɗaki. Cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, ba launi ba wari, farkonta ciwon kai da jiri da barci. Dole ne a kafa na'urar gargaɗinta, mita ɗaya zuwa uku daga murhun. Wannan gubar ce dai ke kashe mutanenmu da hunturu, idan aka shiga da kaskon garwashi aka kulle ƙofa da taga, ko aka kwana da janareta a zaure. Na'urar ba ta wuce tafin hannu ba, batir take amfani da shi, kuma tana cikin tsarabar da ta fi dacewa mai zuwa gida ya riƙo.

Itacen ma da ƙa'ida. Danshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma tun 2021 aka hana sayar da ɗanye a ƙananan ɗauri. Ɗanyen itace za ka ji yana tsuwa, ruwa na kumfa a bakinsa, gilashin murhu ya yi baƙi ƙirin kafin dare ya raba. A wannan fanni mu a gida muka fi su sa'a, ranarmu kan busar da itace a 'yan watanni, su kuwa sai sun jira shekara ɗaya ko biyu. Sharar bututu kuma sana'a ce mai zaman kanta, ana kiran mai yin ta aƙalla sau ɗaya a shekara, sau biyu ga mai hura wuta kullum.