Motocin Tudu zuwa Aflao, ga mai son leƙa Lome a cikin hutu

Baƙi da yawa da ke zuwa hutu Nima ko Mamobi, unguwannin Accra a Ghana, sukan so su tsallaka Lome, babban birnin Togo, kafin su koma. Motocin Aflao, garin bakin iyakar Ghana da Togo, da ke lodi a tashar Tudu ta Accra sun isa wannan aiki, kuma sun fi ɗaukar shata sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Tafiyar kusan kilomita 190 ce a kan titin N1, ta Tema, Sogakope, Akatsi da Denu, awa 3 zuwa 4 in hanya ta yi kyau.

Babban aibinsu shi ne ba sa tashi sai sun cika. Wanda ya iso tasha bayan sallar asuba ba ya jimawa, domin 'yan kasuwa ne ke cika mota a lokacin. Wanda ya zo da hantsi zai yi zaman jira, sannan ya tarar da cunkoson Tema zuwa Dawhenya, wanda shi kaɗai kan cinye awa guda. Kuɗin kaya daban yake da na kujera, a daidaita da yaron mota tun jaka ba ta shiga but ba. Mai dogayen ƙafafu ya guji layin baya. A Sogakope, inda ake haye gadar kogin Volta, masu talla kan yanyame tagogi da burodin garin, kuma ya cancanci saye. Nan ma akwai shingen jami'an shige da fice, saboda haka takardu su kasance a aljihu, kada a cusa su ƙasan akwati.

Motar a Aflao take tsayawa, ba ta shiga Togo. Da ƙafa ake ƙarasawa, kuma da ka fita ƙofar ƙarshe ka shigo Lome ke nan, ga teku a hannun dama.

A takardu ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, yana iya zama har kwana 90. Fasfo ya fi kawo kwanciyar hankali, kuma kowa ya riƙe katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, domin rashinsa ne ke buɗe ƙofar ja-in-ja da neman na goro. Amma ɗan uwan da ya zo da fasfon Amurka, Ingila ko Jamus, lissafinsa daban ne. Yana buƙatar bizar Togo, wadda ake nema ta intanet tun kafin a baro gida. Abin da ya fi wannan ciwo, in bizarsa ta Ghana ta shiga ɗaya ce, da an buga masa hatimin fita a Aflao ta mutu, alhali jirginsa na komawa daga Accra zai tashi. Don Allah a buɗe fasfon irin waɗannan 'yan uwa a duba tun kafin a sayi tikiti. Masu okada kuma da ke cewa za su zagaya da kai ta ɓarauniyar hanya, a ba su haƙuri. Wanda ya shiga ba hatimi, a dawowa zai yi bayani.

Sidi, kuɗin Ghana, ba ya aiki sosai a cikin Lome, sai sefa. 'Yan canji na nan birjik a bakin iyaka. A duba farashin ranar a waya, a canza kaɗan, a ƙirga a gabansu kafin a miƙa nasu. Soket ɗin Togo mai rami biyu ne zagayayye, cajar Ghana mai baki uku ba ta shiga. Agogon Ghana da na Togo dai ɗaya ne, ba bambancin lokaci.

Kwana ɗaya ya fi a je a dawo a yini. Da safe a hau zemijan, wato okadarsu, zuwa babbar kasuwar Asigame, inda matan da ake kira Nana Benz suka yi suna a cinikin atamfa. A yanke kuɗin hawa tun kafin a ɗora ƙafa. Wanda Faransanci ya gagare shi ya nufi zangon Aguwe a arewacin birnin, can Hausa za ta ba shi masallaci, tuwo da masauki. A dawowa kuma a bar Aflao kafin azahar, domin kwastan na sauke kayan 'yan atamfa a hanya, kuma duk motar ce ke jira.