Ƙullin silika da shaddata a damunar Fatakwal

Mu mutanen Sakkwato ba mu san tsoron danshi ba. Ka shanya riga bayan azahar, kafin la'asar ta bushe ƙayau. Shi ya sa bara, da aiki ya kai ni Fatakwal na mako uku a watan Yuli, na zuba kaya a akwati kamar mai zuwa Gusau. Kwana goma da sauka na buɗe zan ɗauko babbar rigar Juma'a, sai wani wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba ya buge ni. Shaddar ta yi ɗigo-ɗigo a wuya da hammata, takalmina na fatar jan akuya kuwa kamar an barbaɗa masa gari. Funfuna ke nan, ko hunhuna, yadda muke faɗa a gida. Ga kafur har uku a cikin akwatin, bai hana komai ba.

Da na dawo na kai wa mai buguna rigar. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce: “Alhaji, ai sitatin nan da kake so a cika maka shi ne abincinta.” Gaskiyarsa. Sitati da zufa da fata, in suka haɗu da iska mai laimar da ta wuce kashi 70 cikin 100, ta samu gida. A Fatakwal kuwa laimar damuna takan haura 80.

Bana da tafiyar ta sake tasowa, na sayi silika, 'yan ƙwayoyin nan da ake tsinta a kwalin sabon takalmi an rubuta kada a ci. Manya na samu, ƙulli goma masu giram 50, irin masu ruwan lemo da ke komawa kore idan sun sha ruwa sun ƙoshi. Na haɗa da ledoji masu zif. Kowace shadda na sa ta a ledarta da ƙulli ɗaya, takalmi ƙulli biyu, huluna ma haka. Mako huɗu na yi, ruwa kusan kullum, kuma kusan duk abin da ke cikin leda ya fito fes, ƙamshin turaren wutan da uwargida ta yi musu ma bai gushe ba.

Amma fa ba sihiri ba ne. Ƙulli biyu da na jefa haka nan a akwati, ba leda, cikin kwana uku suka koma kore. Iskar ɗakin gaba ɗaya suke ta zuƙa, alhali silika ba ta ɗaukar ruwan da ya wuce kusan kashi 40 na nauyinta. Sannan akwai wata kaftani da na sa na je kasuwa, na cire da ɗan gumi na tura a leda, ina taƙama da silika. Ita kaɗai ta yi tabo. Laifina ne. Daga ranar, duk abin da na sa sai ya kwana a rataye gaban fanka, a bi shi da guga mai zafi, ya huce, kafin ya koma leda.

Abin da ya ba ni haushi shi ne takardar ƙullin: siririya ce, biyu suka yage, ƙwayoyi suka watse a aljihun akwati. Mai ƙananan yara ya kula, don kamar alewa suke a ido.

Korayen na zazzage su a tire na sa a obin, zafi wajen digiri 120, bayan kamar awa biyu launinsu ya dawo. Suna nan cikin kwalba a rufe gam, sai tafiyar Legas ta watan Yuni.