Kafin ka biya kuɗin sikirin laftof

Da zarar laftof ta daina nuna hoto, mai ita yakan shiga shagon gyara yana cewa sikirin ya mutu. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Hoton da kake gani aikin abubuwa huɗu ne: gilashin kansa, fitilar da ke bayansa, igiyar fileks da ta bi ta cikin hinji (mahaɗin murfi da jikin laftof) tana kai hoto ga gilashin, da kuma bod, wato babban allon lantarki da ke cikin laftof. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma a Katsina yawancin kayan sai an aiko daga Kano ko Legas. Idan aka yi odar abin da ba shi ne ya lalace ba, ga kuɗin mota ga ɓata kwanaki.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Haɗa laftof ɗin da talabijin ko monita da igiyar HDMI, ka danna maɓallin Windows da na P tare. Idan hoto ya fito tas a talabijin, sashen hoto na bod na da lafiya, yawanci matsalar tana cikin murfi. Idan layukan da kake gani sun bi ka har talabijin, kada ka sayi sikirin: ko direban hoto ne (manhajar da ke sarrafa hoto a Windows), ko RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi ta laftof) ce ta motsa, ko sashen hoto na bod. Don ware direba, kashe ka kunna ka shiga BIOS, shafin saiti da ke zuwa kafin Windows, ta danna F10 a HP, F2 a Dell. Layin da ya bayyana a nan ba ruwansa da Windows.

Sikirin ya yi duhu amma fanka na juyawa? Kunna tocilan waya, ka kara ta dab da gilashin a karkace. In ka hango inuwar rubutu can ciki, gilashin na aiki, fitila ce babu wuta. Sau tari wani ɗan fiyus ne a kan bod, kusa da inda fileks ke shiga, girmansa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Mai gyara zai auna shi da mita ya canza. Tsofaffin laftof na wajajen 2010 zuwa baya, masu fitilar CCFL (siririn bututun haske), suna da inbata mai ba fitilar wuta a ƙasan gilashi, ita ce ke yawan mutuwa.

Wanda hotonsa ke rawa, ko ya ɗauke ya dawo idan ana ɗaga murfi ana saukewa, fileks ne ake zargi. Ƙurar hunturu na shiga hinji ya yi tauri, kullum buɗewa yana murɗa igiyar har wayoyin ciki su tsinke. Fileks ya fi sikirin arha nesa ba kusa ba, amma a sassauta hinjin tare da shi, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon.

Gilashi kuwa ba ya ɓoye laifinsa. Baƙin tabo kamar an zubar da tawada, yana yaɗuwa, fashewa ce, ko da ba ka ji tsagewa da yatsa ba. Biro da aka manta a kan madannai aka rufe murfi, ko jakar da aka danne a cikin Keke Napep, su ne suka fi jawo ta. Siririn layi a tsaye da ba ya motsi komai girgiza murfi, shi ma na gilashi ne. Babu gyara a nan, sai canji.

To a nan ne mutane ke yin asara. Sunan laftof bai isa a yi oda da shi ba, domin samfuri ɗaya kan zo da sikirin iri-iri. A kwance tsohon a karanta lambar da ke manne a bayansa. Wadda ta fara da B156 ta AU Optronics ce, LP156 ta LG, NT156 ko NV156 ta BOE, kuma 156 ɗin na nufin inci 15.6. Sai a ƙirga fin, wato ƙananan haƙoran ƙarfe na bakin fileks. Tsofaffi na amfani da nau'in haɗi mai suna LVDS mai fin 40, na baya-bayan nan wanda ake kira eDP mai fin 30. Akwai kuma eDP mai fin 40, wanda bakinsa ke iya kama da na LVDS amma wayoyinsa daban, cusa shi kan ƙona fiyus. A duba kaurin gilashin, da ko yana da kunnuwan ɗaure noti, don masu siririn baki da gam ake manna su.

Sabon sikirin shi ne zaɓin wanda laftof ɗinsa ke da sauran shekaru a gaba, muddin mai shago zai ba da garanti a rubuce a kan rasit. Na hannu, wanda aka ciro daga wata laftof, ya fi sauƙin kuɗi, kuma idan lambarsa ta yi daidai da taka ba abin raini ba ne. Sai dai a gwada shi a gabanka: farin shafi zalla don ganin tabon dannewa da jirwayen rawaya, baƙi zalla don ganin ɗigon da ya maƙale da haske. A yawancin Dell, riƙe D lokacin kunnawa na sa sikirin ya jera launuka da kansa. Idan hinji ya ɓalle ya fasa roba, sayen murfi sukutum na hannu, da gilashi da fileks da hinji a haɗe, ya fi faci ɗaya bayan ɗaya. Laftof ɗin da ba ta barin tebur a ofis ko shagon buga takardu kuwa, monita ta hannu ta wadatar.

Masu son tashi daga sikirin mai ɗigon hoto 1366x768 zuwa mai 1920x1080 suna da hujja, musamman in gilashin nau'in IPS ne, wanda launinsa ba ya juyewa idan an kalle shi daga gefe kamar nau'in TN. Amma wasu igiyoyin fin 30 layin saƙo ɗaya kawai aka haɗa musu, babban hoton kuma biyu yake so, don haka a tambaya ko sai da sabon fileks.

Ko wane aka zaɓa, a zare caja a cire soket ɗin batir na ciki kafin a taɓa fileks. A laftof da yawa layin fitila na ɗauke da wuta ko an kashe ta, kuma fileks da ya shiga a karkace na iya ƙona fiyus ɗin nan kafin sabon sikirin ya nuna hotonsa na farko.