Abin toshe kunne na yara da na saya don kallon hawa a Daura

Assalamu alaikum iyaye mata 'yan uwana. Tun bayan Sallah ake ta tambayata a WhatsApp wai mi ne ne wancan abu da ɗana Abba ya sa a kunne a hotunan hawa, wasu ma sun ɗauka hedifon ne na jin waƙa. A'a ba shi ba ne, abin toshe kunne ne na yara, ba shi da waya ba shi da batir, ba ya fitar da sauti ko ɗaya, aikinshi kawai ya rage ƙara. Wajen wata baiwar Allah mai saida kayan yara a Katsina na saya, ta ba direban mota ya kawo mini tashar Daura.

Duk wanda ya san hawan garin nan ya san 'yan bindiga. Shi Abba shekararshi uku, doki yana so kamar me, kakaki da algaita da tambura duk ba su dame shi ba, amma da bindigar toka ta tashi shi kenan zai ƙanƙame ni jikinshi na rawa, kuka har sai mun bar wurin. Kuma ba maganar tsoro kaɗai ba ce. Ita ƙara da desibel ake auna ta, masana lafiya sun ce daga 85 in mutum ya daɗe yana ji kunne na fara cutuwa, harbin bindiga a kusa kuwa yana kai 140 ko ya wuce, shi ba sai an daɗe ba, sau ɗaya ma yana iya yin illa, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Kakarshi ta ce a cusa mashi auduga kawai, na ce Hajiya auduga ba ta tare wani abin kirki, su kuma 'yan ƙananan soson da manya ke turawa cikin kunne yaro na iya zarewa ya kai baki, shi ya sa na fi natsuwa da wanda ke rufe kunnen gaba ɗaya ta waje.

A jikin kwalin an rubuta yana rage desibel 25, ni dai ba ni da abin awo, amma na gani da idona ranar Hawan Magajiya. Mun tsaya ta wajen ƙofar fada, babanshi ya ɗora shi a wuya, 'yan bindiga suka saki wuta hayaƙin albarushi ya turnuƙe, ni kaina sai da na zabura, shi ko ƙyafta ido kawai ya yi ya ci gaba da nuna doki yana cewa Mama kalli. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Yaron da bara ko tawagar hakimi ɗaya bai gama gani ba, bana ya ga 'yan lifida, ya ga dogarai da jajayen kayansu, ya ga zagage, har Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar ya iso ƙarƙashin laima yana ɗaga mashi hannu da iya ƙarfinshi. Kuma ba wai ya daina jin komai ba ne, kiɗan yana shiga a hankali don har rausaya yake in masu tambura sun matso, tsananin ƙarar ne kawai ke raguwa.

To amma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, gara in faɗa. Na farko zafi. Robar da ke zagaye kunnen ba ta shan iska, ga ranar Daura, ba a jima ba gumi ya jiƙe gefen kanshi, dole duk sanda 'yan bindiga suka yi nisa in cire in goge mashi in ba shi ruwa sannan in mayar. Sai hula, ɗinkin Sallarshi har da 'yar hula zanna amma ba ta zama tare da abin, in ka ɗora shi kan hula kuma gefen ba ya mannewa da kyau, ƙara sai ta shiga ta nan, haka muka haƙura da hular. Ƙura ma tana maƙalewa a soson ciki kuma ba a cire shi a wanke, da ɗanyen tsumma na goge na shanya a inuwa.

Abin da ya fi muhimmanci kuma wanda mai saidawar ba ta gaya mini ba, in yaro ya sa shi muryarki ma ba ya ji sosai. A cikin wannan cunkoso, ga dawakai ana sukuwa wani lokaci doki ya ƙwace ya yo kan mutane, in kika ce Abba dawo ba lallai ya ji ba. Don Allah kar a sauke yaro ƙasa yana sanye da shi, ko a goye ko a wuyan babanshi ko hannunshi cikin naki riƙe gam, kuma a tsaya bayan inda dogarai suka tsaida mutane.

Kuɗinshi gaskiya da ɗan tsada in aka duba halin da ake ciki, amma ba abin Sallah ɗaya ba ne, ko wajen biki inda ake sakin sifika da janareto yana da amfani. Mai son saye ta nemi wanda maɗaurin kan ke ja yana ƙaruwa don yaro ya girma da shi, ta duba akwai lambar desibel a kwalin, don akwai na ado masu gashi-gashi na sanyi waɗanda ba sa tare komai. Kuma a saya da wuri kafin Sallar Gani, a riƙa sa ma yaron a gida yana wasa da shi har ya saba, in ranar hawa ya fara ganinshi fizgewa zai yi ya yar.