Garejin Wutar Mota a Tahoua: Gyaran Hasken Tablo

Garejin yana bakin hanyar Konni, rumfar kwano ce da benci ɗaya, amma aikin wuta sun iya shi. Abin da ya fi burge mutum shi ne ba sa kwance tablo (allon agogunan da ke gaban direba) da ka. In aka kawo mota hasken tablo ya mutu, maigidan yakan fara leƙa fitilun baya. Idan su ma sun ɗauke, fizibil (fis) ɗin da ya haɗa su da hasken tablo ne ya ƙone, mai 10A ko 15A a yawancin tsofaffin Toyota.

In fizibil lafiya lau, sai a koma kan maɓallin rage haske, wato reyosta. Ƙurar hunturu tana shiga cikinsa ta cinye wurin da ƙarfe ke gogar ƙarfe, hasken ya riƙa kiftawa in an murɗa. A Corolla da Hilux na da, maɓallin yana ɓangaren mas ne (wayar da wuta ke komawa jikin mota ta ita), don haka sukan haɗa wayarsa da jikin mota. Haske ya kama gaba ɗaya, to maɓallin ya ƙone. Sau da yawa laifin mai sa rediyo ne da ya ɗauki wayar hasken tablo a zaton mas ce.

Mitar auna wuta suke amfani da ita, ba tartsatsin waya ba, kuma a nan suka sha gaban da yawa.

Inda suka gaza: suna yawan tallata ƙwan LED, alhali a tsohon reyosta ba ya raguwa sosai. Ka nemi ƙwan T5 na asali. Sabon maɓalli kuma wani lokaci sai an aiko daga Yamai.