LI-7810 a bakin tafkin kifi: tana kama metan mai fita a hankali, kumfa ke gagarar ta

Kamfanin LI-COR da ke Linkon a jihar Nebraska ta Amurka ne ya ƙera LI-7810, na'urar da ke auna metan (iskar da ke fita daga abin da ya ruɓe), iskar kabon da tururin ruwa lokaci guda. Da hasken leza take aiki, ba da sinadari ba, kuma tana fitar da adadi duk daƙiƙa. Nauyinta kilo 10.5 ne har da batura biyu, waɗanda ke ɗaukar ta kamar awa 8, ana kuma iya musanya ɗaya ba a kashe ta ba. Waya ko kwamfuta ake haɗawa da ita ta Wi-Fi, a riƙa kallon layin awon yana hawa nan take.

A kan ruwa ba ta aiki ita kaɗai, sai da murfi mai iyo. Roba ce a kife, an ɗaura mata soso mai tashi a gefe don bakinta ya nutse santimita 2 zuwa 3 kawai. Tiyo ɗaya na jan iska zuwa na'urar, na biyu na mayar da ita cikin murfin. A lulluɓe robar da takardar alminiyom saboda rana, a kuma bar ɗan ƙaramin rami na daidaita matsi, in ba haka ba ajiye murfin kaɗai zai danne iskar ya ɓata farkon awon.

A nan take nuna gwaninta. Iskar sarari na ɗauke da metan kusan 1.9 ppm, wato ƙasa kaɗan da kashi biyu cikin miliyan, ita kuwa na'urar tana rarrabe bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba. Saboda haka minti 3 zuwa 5 sun wadatar, inda mai sirinji da kwalabe zai tsaya rabin awa sannan ya jira sakamakon ɗakin gwaji. Gajeren lokacin ma riba ce, domin murfin da ya daɗe a kan ruwa yana canza abin da ake aunawa. A watsar da daƙiƙa 30 na farko, a yi lissafi da miƙaƙƙen sashen layin. Misali, zagayayyen murfi mai faɗin santimita 30 da cikin lita 10, metan na ƙaruwa da 0.1 ppm a minti, zafi digiri 25: wannan na nufin miligiram 13 ke fita daga kowace murabba'in mita a rana. Kada a manta da ƙara iskar da ke cikin tiyo da cikin na'urar a kan lita 10 ɗin nan.

Sai dai metan ba ta hanya ɗaya yake barin tafki ba. Akwai wanda ya narke a ruwa yana fita a hankali ta sama, akwai kuma wanda ke taruwa a laka, inda ragowar abinci da kashin kifi ke ruɓewa ba iskar shaƙa, har ya ɓalle ya taso a matsayin kumfa. A tafki marar zurfi mai ɗumi da laka mai kauri, sau da yawa kumfar ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Iyakar awon LI-7810 kuwa 100 ppm ce. Kumfa mai girman mililita ɗaya, in kashi 60 cikin ɗarinta metan ne, za ta ɗaga murfin lita 10 da 60 ppm a take. Biyu suka shiga, an wuce iyaka. Dole a ɗaga murfin, a bar na'urar ta sha iska mai tsabta har ta dawo kusa da 2 ppm, sannan a sake. Mai awon da ke zubar da duk layin da ya yi tsalle yana ajiye masu santsi zai koma gida da kyawawan zane-zane da adadin da ya gaza na gaskiya nesa ba kusa ba.

Maganin ba shi da ƙayatarwa: mazurari a kife ƙarƙashin ruwa, da sirinji ko kwalba cike da ruwa a samansa, a bar shi awa 24 ko fiye a wurare da dama, har da inda ake zuba abinci. A karanta yawan iskar da ta taru, a ɗebi kaɗan a tsarma ta cikin iska mai sanannen yawa kafin a ba na'urar. Kumfa ba ta da ƙa'ida, takan ƙaru idan matsin iska ya faɗi ko aka rage ruwa, don haka mazurari ɗaya bai isa shaida ba.

Ruwa ne babban abokin gabar na'urar. Famfonta na jan kusan mililita 250 a minti, kuma ba ya bambance iska da ruwa. Murfi ya karkata, ko igiyar ruwa ta taɓa bakin tiyo, ruwan ya nufi madubin leza ke nan, gyaran kuma ba na bakin tafki ba ne. A ɗaga bakin tiyo can saman murfi, a sa matata da ƙaramar kwalbar tarko a hanya, a riƙa duba raɓa a cikin tiyo da sassafe. Iyakar zafin da aka ƙayyade wa na'urar digiri 45 ne, a nema mata inuwa. Kuma kada a taka cikin tafkin ko a soka sandar kwalekwale a laka kusa da murfi, domin kumfar da ƙafa ta tayar ba ta tafkin ba ce.

Ga cibiyar bincike ko mai aikin ƙididdigar hayaƙi da zai zagaya tafkuna masu yawa, LI-7810 ta cancanci kuɗinta, muddin mazurarai na cikin kayan. Mai kiwon kifi da ke son sanin halin lakar kwaminsa kawai, mazurari da sirinji da aika samfur ɗakin gwaji sun ishe shi.