Farantin masu azumin Navratri da na ci a Noida

Ga ƴan uwa da ke karatu ko jinya a Indiya, in lokacin Navratri, bikin mabiya addinin Hindu, ya zo wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba za ku ga gidajen abinci sun fito da wani faranti da suke cewa vrat thali, wato farantin azumi. Na ci shi a wani ƙaramin gidan abinci kusa da inda nake zaune a Noida, wani birni dab da Delhi, kuma gaskiya ya cancanci a gwada.

Azumin nasu na dare tara ne don girmama Durga abar bautarsu, amma ba irin namu ba ne, yawancinsu suna cin abinci, sai dai ba shinkafa ba alkama ba nama ba albasa ba tafarnuwa, har gishirin ma sai na dutse wanda suke kira sendha namak. Manufar dai jiki ya yi sauƙi zuciya ta natsu ga ibada, shi ya sa suke gudun duk abin da suke ganin yana tayar da sha'awa ko kawo kasala. Akwai masu tsanantawa su tsaya a ƴaƴan itace da madara kawai.

Abin da ya fi burge ni a farantin shi ne sabudana khichdi, ƙananan ƙwayoyin sitacin rogo da aka jiƙa aka soya da gyaɗa da dankali da ɗanyen barkono aka matsa lemon tsami a kai, wallahi ya yi daɗi, kowace ƙwaya a ware take tana ƙyalli ba ta cakuɗe ba. Sai samak, wani ƙaramin hatsi da suke ci a madadin shinkafa, kamar acca yake a baki, ba nauyi ko kaɗan, ga kindirmo mai sanyi a gefe. An haɗo da alawar rajgira, ashe irin alayyahu ne aka gasa ya fashe aka murza da mazarƙwaila.

Inda suka gaza shi ne puri, wato soyayyiyar gurasa ta garin wata tsaba da suke kira kuttu, mai ya yi masa yawa har yana naso a faranti, ga miyar dankali ga soyayyen dankali kuma a gefe. Abincin da aka ce na sauƙaƙa ciki ne bai kamata a cika shi da suya haka ba, na faɗa wa mai wajen ya ce masu saye ne ke so. Mai ciwon suga ya yi hattara sosai, don sabudana kusan sitaci ne zalla.

Lokacin da na ci kuɗinsa bai kai rupee 300 ba kuma mutum zai ƙoshi, babu nama a ciki balle a yi tunanin yanka. In kun je ku ce a rage puri a ƙaro samak da kindirmo, kuma ku je da rana kafin cunkoson yamma don khichdin na saurin ƙarewa.